Ɗa Na Kowa Ne? Tarihin Haƙƙin Iyaye Kan Karatun 'Ya'yansu A Gaban Shari'a

Hausawa na cewa ɗa na kowa ne. Da wannan magana muke kafa hujja duk lokacin da muka tarar da yaron maƙwabci yana ɓarna a bakin hanya, muka tsawata masa ba tare da mun jira izinin ubansa ba. To amma idan ɗa na kowa ne, wa ke da ta cewa ranar da uba ya ce ga irin karatun da yake so ɗansa ya yi, hukuma kuwa ta ce atafau sai wanda ta tsara? Wa zai zaɓi harshen da za a koyar da yaro, da makarantar da zai shiga, da littattafan da za a buɗe masa? A wannan muƙala za mu bi sawun wannan gardama a ƙasar Amurka, inda aka fi jan ta a gaban alƙalai, daga nan mu dubi yadda ta iso gida.

Mafarin Gardamar

Shekaru aru-aru babu mai tambayar uba inda ya kai ɗansa karatu. In ya so ya kai shi gaban malami, in ya so ya kai shi maƙera ko gona. Al'amarin ya sauya ne sa'ad da gwamnatoci suka fahimci cewa makaranta ita ce wurin da ake ƙera ɗan ƙasa, da soja, da ma'aikaci. A shekarar 1763 Sarki Frederick na Furushiya, a ƙasar Jamus ta yanzu, ya kafa dokar makarantun da ta wajabta wa talakawa tura 'ya'yansu. Ingila ta yi babbar dokar iliminta a 1870, ta mayar da zuwa makaranta tilas a 1880, amma ta bar wa iyaye damar janye yaro daga darasin addinin da ba su yarda da shi ba. Faransa ta bi sahu a 1882. A Amurka kuwa jihar Massachusetts ce ta fara a 1852, sauran jihohi suka riƙa bi ɗaya bayan ɗaya, har Mississippi ta rufe ƙofa a 1918.

Tun daga nan yaro ya zama mai iyayen gida biyu, wato waɗanda suka haife shi da kuma hukuma. Muddin bakinsu ɗaya ne babu rigima. Takan tashi ne idan iyayen 'yan tsiraru ne, masu wani harshe ko wani addini daban da na masu riƙe da mulki.

Malamin Da Aka Kama Yana Koyar Da Jamusanci

A watan Afrilu na 1917 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya tana yaƙar Jamus. Alhali kuwa a cikin Amurka akwai miliyoyin mutane 'yan asalin Jamus, manoma da 'yan kasuwa, masu majami'unsu da makarantunsu da jaridunsu da harshen Jamusanci. Nan da nan aka fara yi musu kallon munafukai. A 1918 gwamnan jihar Iowa ya fitar da sanarwar hana magana da kowane baƙon harshe a makaranta da majami'a da cikin jirgin ƙasa, kai har ta wayar tarho. A watan Afrilu na 1919, bayan ma an daina harbe-harbe, maƙwabciyarta Nebraska ta kafa dokar da ta hana koyar da kowane darasi da wani harshe in ba Ingilishi ba, ta kuma hana koya wa yaro baƙon harshe kafin ya gama aji takwas. Dokar ta haɗa da makarantun gwamnati da na masu zaman kansu.

Ranar 25 ga Mayu, 1920, lauyan gwamnati na gundumar Hamilton ya shiga wata ƙaramar makarantar majami'ar Lutheran, ya iske malaminta, Robert Meyer, yana karantar da wani yaro ɗan shekara 10 ƙissar Annabi Yakubu da Jamusanci. Aka gurfanar da shi, aka ci shi tarar dala 25. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun jihar, ita ma ta ba shi rashin gaskiya. Hujjarta ita ce, idan aka bar baƙi suka reni 'ya'yansu da harshen ƙasar da suka baro, to da wannan harshe yaran za su riƙa tunani, kuma zukatansu ba za su taɓa zama na Amurka ba.

Lauyan da ya tsaya wa Meyer a Kotun Ƙoli ta ƙasa, Arthur Mullen, ba Bajamushe ba ne, ba kuma ɗan majami'arsu ba ne. Ɗan Katolika ne, ɗan asalin Ailan. Ya dai san karin maganar nan ko da bai ji Hausa ba: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A wajen sauraron ƙarar wani alƙali ya tambaye shi ko ya amince jiha tana da ikon tilasta wa dukkan yara shiga makarantar gwamnati, shi kuwa ya ce sam bai amince ba.

Ranar 4 ga Yuni, 1923, kotun ta soke dokar da rinjayen alƙalai 7, biyu suka saɓa. Abin lura a nan shi ne, tsarin mulkin Amurka bai ambaci iyaye ko ilimi ba ko sau ɗaya. Mai shari'a James McReynolds, wanda ya rubuta hukuncin, ya dogara ne da gyara na 14 na shekarar 1868, wanda ya hana jiha ta raba mutum da ransa ko 'yancinsa ko dukiyarsa ba bisa ƙa'idar shari'a ba. Ya ce 'yancin da ake nufi ya wuce a ce ba a ɗaure mutum ba. Ya haɗa da yin aure, da kafa gida, da renon 'ya'ya, da neman ilimi, da yin ibada. Har ya kawo misalin Aflatun, masanin falsafar Girka wanda ya ba da shawarar a riƙa tara 'ya'yan masu mulki wuri ɗaya ta yadda uba ba zai san ɗansa ba, da birnin Sparta inda ake kwashe yara maza suna da shekara 7 a kai su bariki. Ya ce ba a kan irin wannan tunani aka gina Amurka ba.

Bai kamata mu yi watsi da maganar waɗanda suka saɓa ba. Mai shari'a Oliver Wendell Holmes yana ganin ba wauta ba ce ƙasa ta so 'ya'yanta su yi tarayya a harshe ɗaya, musamman inda yaro ba ya jin Ingilishi a gida, kuma al'amari ne da masu hankali za su iya saɓawa a kansa, don haka a bar wa majalisa. Wani abin mamaki kuma, shi McReynolds ɗin ya yi ƙaurin suna wajen ƙyamar Yahudawa da baƙar fata, amma ta alƙalaminsa 'yan tsiraru suka sami mafaka.

Ranar Da Aka So A Rufe Makarantun Masu Zaman Kansu

Tambayar da aka yi wa Mullen ba ta banza ba ce, domin ruwa ba ya tsami banza. A watan Nuwamba na 1922 mutanen jihar Oregon sun kaɗa ƙuri'ar raba gardama, suka amince da wata doka da ƙaramin rinjaye, wadda ta ce daga watan Satumba na 1926 duk yaron da ke tsakanin shekara 8 da 16 dole ya halarci makarantar gwamnati, uban da ya ƙi kuwa a ci shi tara ko a ɗaure shi. Ƙungiyar nan ta masu tsananin wariyar launin fata da ƙin jinin Katolika, Ku Klux Klan, tana cikin manyan masu goyon bayan dokar. A baki ana cewa a haɗa ɗan mai kuɗi da ɗan talaka a aji ɗaya don ƙasa ta dunƙule. A zuci kuwa makarantun Katolika ake hari.

Wata ƙungiyar mata masu hidimar majami'ar Katolika, wadda ke da makarantu da gidan marayu, tare da wata makarantar horon soja mai zaman kanta, suka kai gwamna Walter Pierce ƙara. Ranar 1 ga Yuni, 1925, alƙalan Kotun Ƙoli baki ɗayansu suka soke dokar tun ba ta fara aiki ba. Taƙaitaccen abin da suka ce shi ne, yaro ba kayan hukuma ba ne da za ta zuba a ma'auni ɗaya ta fitar da kowa iri ɗaya, kuma waɗanda suka rene shi suna da haƙƙin shirya shi don rayuwa, haƙƙin da ke tafe da wajibi mai nauyi. Amma a cikin wannan hukunci kotun ta tabbatar wa jiha ikon tilasta karatu, da duba makarantu, da tantance malamai, da wajabta darussan da ɗan ƙasa ba ya rasa su. Wato an raba aikin gida biyu: hukuma ta ce dole a yi karatu ta kuma sa ma'auni, iyaye su zaɓi inda za a yi.

A 1927 aka faɗaɗa wannan kariya ga iyaye 'yan asalin Japan da ke tsibirin Hawaii, waɗanda hukuma ta nemi shaƙe makarantun da suke koya wa 'ya'yansu harshensu bayan an tashi daga makarantar gwamnati.

Waɗanda Inuwar Ba Ta Kai Gare Su Ba

Mai karatu kada ya ɗauka kowa ya sha wannan inuwa. Ƙabilun da Turawa suka tarar a Amurka sun ga abin da ya fi na Jamusawa muni nesa ba kusa ba. A 1879 wani hafsan soja, Richard Pratt, ya buɗe makarantar kwana a Carlisle ta jihar Pennsylvania, wadda ta zama abin koyi ga ɗaruruwan irinta. Ana ɗauko yaro daga wajen iyayensa, a aske masa gashi, a sauya masa suna da tufafi, a hana shi harshen uwarsa da bulala. A 1893 majalisar ƙasa ta ba da izinin hana iyayen da suka ƙi ba da 'ya'yansu rabon abincin da gwamnati ke ba su. A farkon 1895 an kai mutum 19 na ƙabilar Hopi kurkukun tsibirin Alcatraz, kuma cikin laifuffukan da aka ɗora musu har da ƙin sakin 'ya'yansu. Hukunce-hukuncen 1923 da 1925 ba su rufe waɗannan makarantu ba. Sai a 1978 aka yi dokar da ta ƙarfafa hannun waɗannan iyaye kan 'ya'yansu. Binciken da gwamnatin Amurka ta kammala a 2024 ya ƙirga irin waɗannan makarantu 417, da yara aƙalla 973 da suka mutu a cikinsu, kuma a shekarar ce Shugaba Joe Biden ya nemi gafara a bainar jama'a. Jamusawa da 'yan Katolika suna da ƙuri'a da lauyoyi da kuɗin zuwa kotu, su kuwa waɗannan ba su da ko ɗaya, shi ya sa haƙƙin da aka rubuta ya daɗe bai iso ƙofarsu ba.

Ina Iyakar Haƙƙin Uba?

Da aka tabbatar wa iyaye haƙƙi, sai tambaya ta juyo: shin uba yana iya yin duk abin da ya ga dama da sunan tarbiyya? A 1944 kotun ta amsa a shari'ar wata mata, Sarah Prince, 'yar ɗariƙar Shaidun Jehobah, wadda ta fita da yarinyar da take riƙo, 'yar shekara 9, suna tallar mujallun addini da dare a bakin titi. Kotun ta tabbatar da hukuncin da aka yi mata a ƙarƙashin dokar hana sa yara aiki, ta ce babba yana iya sadaukar da kansa don aƙidarsa, amma wannan bai ba shi damar sadaukar da yaron da bai kai ga zaɓa wa kansa ba.

A 1972 kuma aka yi shari'ar da ta fi kowace wuyar warwarewa. Mutanen Amish Kiristoci ne manoma masu gudun duniya, ba sa tuƙa mota, ba sa jawo lantarki gidajensu. Wasu iyaye uku a jihar Wisconsin, cikinsu har da Jonas Yoder, suka cire 'ya'yansu masu shekara 14 da 15 daga makaranta bayan aji takwas, alhali dokar jihar ta ce sai shekara 16. Aka ci kowannensu tarar dala 5. Kotun Ƙoli ta ba iyayen gaskiya, bisa hujjar cewa yaran sun riga sun iya karatu da rubutu da lissafi, kuma al'ummar tana koya musu noma da sana'a ta yadda ba sa zama nauyi a kan kowa. Amma mai shari'a William Douglas ya saɓa a wani ɓangare. Ya ce an ji ta bakin iyaye, an ji ta bakin jiha, to su yaran fa? Mai yiwuwa cikinsu akwai mai son zama ɗan sama jannati ko makaɗi, kuma idan aka rufe masa ƙofa yana ɗan shekara 14 an rufe ta ke nan har abada. Da wannan magana Douglas ya tuna wa kowa cewa masu haƙƙi a wannan gardama uku ne, kuma na ukun shi ne zai rayu da sakamakon.

Gardamar ba ta mutu ba. A watan Yuni na 2025 kotun ta sake dogara da shari'ar Yoder, ta goyi bayan wasu iyaye Musulmi da Kirista a jihar Maryland waɗanda suka nemi a ba su damar janye ƙananan 'ya'yansu daga darasin wasu littattafan labarai masu magana kan auren jinsi. Alƙalai 6 suka amince, 3 suka saɓa, suna masu cewa idan kowane uba zai tace abin da za a karanta a aji, makarantar kowa da kowa ba za ta yiwu ba. Mu marubuta sai mu lura cewa a wannan karo littafin labari ne aka kai gaban alƙali.

Daga Amurka Zuwa Duniya

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, duniya ta ga yadda gwamnatin Hitila ta mayar da makarantu da ƙungiyar matasanta wurin cusa aƙidar jam'iyya, har yaro ya zama ɗan leƙen asirin gidansu. Wannan na cikin dalilan da suka sa Sanarwar Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, a sashe na 26, ta haɗa abu biyu wuri ɗaya: karatun firamare ya zama kyauta kuma tilas, sannan iyaye su ne ke kan gaba wajen zaɓen irin ilimin da za a ba 'ya'yansu. Ƙasashen Turai suka sa makamancin haka a yarjejeniyarsu a 1952, Afirka ma ta sa a yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1990. Duk da haka fassara ta bambanta. A Amurka an yarda uba ya karantar da ɗansa a gida, a Jamus kuwa dole yaro ya je makaranta, kuma a 2006 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan'adam ta ƙi karɓar ƙarar wasu iyayen Jamus da suka ƙalubalanci haka.

Yadda Ta Iso Gida

A ƙasar Hausa wannan ja-in-ja ta zo ne tare da Turawa. Bayan cin Sakkwato a 1903 Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba, aka kuma taƙaita shigar 'yan mishan masarautun Musulmi. A 1909 Hanns Vischer, wanda muka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano. Daga baya da En'e ta riƙa ɗora wa hakimai da dagatai kawo yara, iyaye da yawa sun ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko sun tura su gabas karatun allo. Tsoronsu bai bambanta da na manomin Amish ba, wato kada a karɓi ɗa a dawo musu da baƙo.

Ta fuskar shari'a, hukumar Willink da ta binciki koke-koken ƙananan ƙabilu ta ba da shawara a 1958 a sa babin haƙƙin ɗan'adam a tsarin mulki, aka kuwa sa shi kafin samun 'yancin kai. Gadonsa ne sashe na 38 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar wani addini da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Mun kuma yi tamu shari'ar Oregon. A 1980 gwamnatin Lateef Jakande ta jihar Legas, cikin shirinta na ilimi kyauta, ta yi shelar soke makarantun firamare masu zaman kansu. Babban limamin Katolika na Legas, Anthony Okogie, da wasu suka garzaya kotu, kuma a 1981 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce burin ilimi kyauta bai ba gwamnati ikon hana wasu kafa makarantu ba. Ɗaya ɓangaren kuma yana cikin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta wa kowane uba ko mariƙi ya tabbatar ɗansa ya gama firamare da ƙaramar sakandare. Wanda ya ƙi, a karon farko a ja masa kunne, a na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu.

Kammalawa

Idan muka tattara wannan tarihi, za mu ga babu inda kotu ta ba uba haƙƙin barin ɗansa cikin jahilci. Meyer yana koyarwa aka kama shi, matan Oregon makarantu suke karewa, 'ya'yan Amish sun yi aji takwas sun kuma koyi sana'a. Saboda haka uban da ya cire 'yarsa daga aji huɗu ya ɗora mata farantin talla, ko ya tura ɗan shekara 7 wani gari ba guzuri ba mai duba shi, ba zai fake da wannan haƙƙi ba. Shari'arsa ta fi kama da ta Sarah Prince. Haka ita ma hukuma, wadda ta rubuta tara da ɗauri a takarda, akwai nata wajibin. Mu da muke tsaye gaban allo kullum mun san ajin da yara fiye da ɗari ke zaune a ƙasa, kuma mun san da wuya a gamsar da manomi ya saki ɗansa daga gona zuwa inda zai shekara shida bai iya rubuta wasiƙa ba. Miliyoyin yaran da ke yawo a titunanmu sun faɗa ne tsakanin uban da ya saki nasa wajibin da hukumar da ba ta cika nata ba.

'Yan'uwa marubuta, tambayar da mai shari'a Douglas ya yi a 1972 tana nan tana jiran amsa a garuruwanmu. Uba yana da bakin magana a zaure, hukuma tana da rediyo da majalisa, yaron da ake gardama a kansa kuwa ba a cika tambayarsa ba. Littattafanmu sun cika da labarin auren dole, kuma sun yi tasiri. Labarin yarinyar da take son zama malamar asibiti aka cire ta, da na almajirin da yake leƙen aji ta taga, da na uban da yake tsoron makaranta don dalilin da ya kamata a saurara, su ma suna neman mai rubuta su da adalci ga kowane ɓangare. Allah ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.